Fatoma da Baƙon Dare

Mutumin Dutse da ya bi ta Gumel da Maigatari, ya isa Damagaram bayan magariba, abu biyu ne a ransa: makwanci mai araha, da motar gobe. Fataken da kuwa zango suke sauka, su nemi fatoma. Shi fatoma yakan ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ladansa na fitowa daga la'ada. A yau ɗan kamasho ne ya gaji wani sashe na wannan aiki a tasha, amma ba ya lamunin kowa. Saboda haka ya kamata matafiyi ya canza nairarsa zuwa sefa tun a Maigatari. In Agadas ya nufa, ya kama wuri tun da dare, domin galibin manyan motoci da asuba suke tashi.