Ruwa Ke Yanka Wa Itace Iyaka: Abin Lura Ga Manoman Kwanyawa

Matafiyin da ya taso daga Jos ya biyo ta Kaduna da Zariya har ya iso Kwanyawa a ƙasar Ƙaraye, in mai lura ne, zai ga itatuwa suna ta sakewa a kan hanya. A tsaunukan Jos zai ga fain, wato dogon itacen nan na ƙasashen waje mai ganye kamar allura, wanda ake shukawa domin katako da takarda. A dajin Afaka kusa da Kaduna ma zai same shi. Amma kafin ya shigo yammacin Kano ya rabu da shi, sai kuka da ɗorawa da gawo da darbejiya.

Masana sun ce kowane itace yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. A manyan duwatsun Turai sanyi ne ke yanka wannan iyaka, har mai hawa ya kai inda daji ya ƙare sai ciyawa da dutse. A ƙasar Hausa kuwa ruwa ne ke yanka ta. Tashar binciken itatuwa da aka kafa a Samaru a 1964 ta gwada irin fain daban-daban, aka ga ya fi yin kyau inda damina ke da tsawo, ƙasa kuma ke da zurfi. Jos takan sami ruwan sama kamar milimita 1,400 a shekara, Kano kuwa ta saba da tsakanin 800 da 900, ga rani na wata bakwai.

Yadda fari ke kama itace shi ne, ruwa yakan hau daga saiwa zuwa ganye ta wasu 'yan siraran hanyoyi, ya fita ta ƙofofin ganye. In ƙasa ta bushe sai itace ya rufe ƙofofin don tattalin ruwa, amma da rufewarsu abinci ya yanke, girma ya tsaya. In farin ya daɗe, iska takan shiga hanyoyin ta toshe su, sai bushewa ta faro daga kai ta gangaro. Shi ya sa in aka yanka gungumen fain akan ga zoben shekarar fari siriri, na shekarar ruwa kuwa mai kauri.

Jama'ar Kano sun ga wannan da idonsu. A 1973 ruwan da aka samu bai wuce kamar rabin abin da aka saba ba, aka kuma sake shan wani farin a 1983 da 1984. Itatuwa da yawa suka mutu a tsaye a arewacin ƙasar nan. Gawo yana cikin masu jurewa, domin saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai, ga shi yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki.

Gaskiya ne madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992 ta kawo wa Ƙaraye noman rani, amma ruwanta ba ya hawa gonar tudu. Itacen da ke can da ruwan sama kaɗai ya dogara.

Don haka ya kamata malaman daji da ɗalibai su riƙa tambayar yawan ruwan da itace ke bukata kafin a raba dashe. Manoman Maraɗi sun nuna hanya tun 1983, inda suka riƙa barin tohon kututture a gona suna gyara shi, har miliyoyin kadada suka farfaɗo a Nijar. Manomin Kwanyawa da na Rogo, waɗanda suka fi Maraɗi ruwa, sun fi samun sauƙin yin haka.