Auduga da Zargin Shanye Ruwan Duniya

Duk wanda ke bibiyar muhawarar muhalli ya taɓa jin wannan magana: wai sai an kashe lita 20,000 ta ruwa kafin a samu kilo ɗaya na auduga. An yi ta yayata adadin har ya zama kamar karatun allo. Amma da gidauniyar Transformers ta bi sawunsa a rahotonta na 2021, ba ta samu ingantaccen binciken da ya fito daga ciki ba. Alƙaluman kwamitin ICAC mai ba ƙasashe shawara kan auduga sun nuna cewa a matsakaicin lissafin duniya, ruwan ban ruwa kusan lita 1,900 ne ga kowane kilo na gurzajjiyar auduga, sai kuma kimanin lita 6,000 na ruwan sama.

Akwai kuma batun lita 2,700 a riga ɗaya. Wannan yana da tushe, domin ya fito ne daga binciken Arjen Hoekstra da abokan aikinsa a ƙasar Holan a 2005. Sai dai lissafin nasu ya haɗa har da ruwan sama, wanda ko an shuka auduga ko ba a shuka ba, zai sauka a gonar. Masu yaɗa adadin sukan tsallake wannan bayanin.

Ita kanta audugar ba raguwa ba ce wajen jure fari. Saiwarta takan nutsa ƙasa sosai ta nemo laima, shi ya sa take yi a inda wasu amfanin gona ke yaushi. Kusan rabin gonakinta a duniya da damina kaɗai suka dogara. Manomin Funtuwa ko Gusau ba ya tayar da injin ban ruwa don audugarsa. Hadari yake jira, kamar takwaransa na Mali da Benin.

To, ina gaskiyar zargin take? Tana Tafkin Aral, kuma mai ɗaci ce. A 1960 wannan tafki na tsakanin Kazakistan da Uzbekistan shi ne na huɗu a girma a duniya, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 68,000. Hukumomin Tarayyar Sobiyet suka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga a cikin hamada, ta hanyoyin ruwan da yawancinsu ba a daɓe su da siminti ba, ruwa mai yawa yana tsiyayewa cikin yashi tun bai kai gona ba. Yau a garin Moynak, da a da masunta ke sauke kifi, jiragen ruwa ne zaune a kan rairayi, tsatsa ta cinye su, iska kuma tana kwaso ƙurar gishiri da ragowar maganin ƙwari tana watsa wa mutane. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari. Duk da haka, madatsar Kokaral da Kazakistan ta kammala a 2005 da tallafin Bankin Duniya ta ɗaga ruwan ɓangaren arewa, har kamun kifi ya farfaɗo.

A fannin makamashi ma, nauyin noman auduga ya fi yawa a wajen tuƙa injinan jawo ruwa da sarrafa takin zamani a masana'anta. Gonar damina mai ƙarancin taki ba ta ɗauke da wannan nauyin sosai, ko da yake amfanin da take bayarwa a hekta kaɗan ne, kuma wannan ita ce damuwar manomin Afirka ta Yamma.

Zancen cewa auduga ce ke cinye kashi 25 cikin ɗari na maganin ƙwarin duniya kuwa tsohon lissafi ne. Alƙaluman ICAC na 'yan shekarun nan sun sa shi wajen kashi 10. Hakan ma ba kaɗan ba ne ga shukar da ba ta wuce kashi biyu da rabi na gonakin duniya ba, musamman idan aka tuna da mai feshin da ke goye da tanki a baya, ba safar hannu, ba abin rufe hanci.