Windows 10 ya daina samun gyara: abin lura kafin a kai kwamfuta formataj

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, shekara goma bayan fitowarsa. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, ana buga takardu kamar da. Sai dai duk sabuwar kafar da ɓarayin intanet suka gano, ba mai toshe ta. Wanda ya raina wannan ya tuna da WannaCry, cutar da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayun 2017, har da na asibitocin Ingila. Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris; waɗanda ba su sabunta ba ne ta kama.

Mafitar da kamfanin ya bayar ita ce Windows 11, amma ba kowace na'ura yake karɓa ba. Yana buƙatar aƙalla giga 4 na RAM, giga 64 na wurin ajiya, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. In ƙwaƙwalwar na'urar ta Intel ce, galibi sai daga zubi na 8 zuwa sama. Da yawa daga kwamfutoci na hannu da ke biro-biro da shagunan buga takardu a Maraɗi, Damagaram ko Tawa sun girmi wannan. Manhajar PC Health Check ta kyauta tana faɗa wa mutum matsayin tasa.

In ta cancanta, hanya biyu ce. Sabuntawa ta Windows Update tana barin takardu da manhajoji a wurinsu, kuma akwai kwana 10 na komawa baya in abin bai yi ba. Formataj kuwa shara ce: ana goge komai a ɗora sabo. Wasu masu gyara sun fi son ta biyun don ta fi sauri, har kwamfutar da nauyi kawai ta yi sai a ce a goge ta. Gaskiya formataj na da amfani in cuta ta yi katutu ko Windows ya ƙi tashi, amma bai kamata ya zama matakin farko ba.

A nan ne ake asara. Windows ana sake samunsa ko yaushe, amma lissafin bashin shago, kundin ɗalibin da ke shirin kare digiri, ko hotunan suna da biki, in sun tafi, dawo da su sai an yi sa'a. Don haka a kwashe su zuwa wani faifai na waje, a kuma buɗe a tabbatar sun kwafu. A duba har abin da aka watsa a fuskar kwamfuta da wanda aka sauke daga intanet, a rubuta kalmomin sirri da lambobin lasisin manhajoji. In faifan na kulle da BitLocker, a nemo mabuɗinsa mai lamba 48 tun kafin a taɓa komai.

Sai maganar kuran. Ɗauke wuta ana tsakiyar aiki na iya barin na'ura ba tsohon Windows ba sabo, abin da ya fi yawa a lokacin zafi. Kwamfutar hannu a cika batirinta, a bar ta a jone. Ta tebur kuwa kada a fara sai da ondilar. Fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5, a sauke shi daga shafin Microsoft kansa, a ɗora a kile USB mai giga 8, wanda shi ma za a goge abin da ke cikinsa.

Wani ƙaramin tarko shi ne allon rubutu. Na'urorin da suka fito daga Faransa AZERTY ne, waɗanda suka biyo ta Kano galibi QWERTY. In aka zaɓi wanda bai dace ba wajen ɗorawa, A da Q sukan sauya wuri, mutum ya ƙirƙiri kalmar sirri ya kasa sake buga ta.

Kwamfutar da Windows 11 ya ƙi kuwa ba ta zama ta jefarwa ba. Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne, suna da Faransanci, kuma LibreOffice da ke zuwa da su yana buɗe takardun Word da Excel. Mai wata manhajar lissafi da sai a Windows take aiki dai ya tambaya tukuna.