Taya, Totur da Man Fetur

Yau za mu duba inda man fetur ke zurarewa a mota, ko da tanki bai huje ba.

Mu fara da taya. Duk sa'ad da taya ta juya, gefen da ya taɓa ƙasa yakan lotsa, sa'an nan ya koma yadda yake. Lotsawar nan tana cin ƙarfin inji, tana mai da shi zafi. In iska ta yi kaɗan sai lotsawar ta ƙaru, kamar dai yadda keke mai ƙarancin iska ke gajiyar da mahayinsa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iskar taya yana iya rage shan mai har kashi 3 cikin 100. Zafin nan kuma yakan fasa taya ana tsakar gudu, wannan hasara kuwa ta wuce ta kuɗi.

Ko lafiyayyar taya takan rage iska a hankali. Saboda haka a auna ta wata-wata, da safe kafin a tashi, gama tafiya tana ɗumama iskar, ma'auni ya nuna fiye da gaskiya. Adadin da ya dace yana rubuce a bakin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Wanda ke jikin taya iyaka ce da ba a wucewa.

To, amma ƙafar direba ta fi taya cin mai. Mota keta iska take yi, in kuwa aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu. Shi ya sa bayan ƙarancin mai na 1973, Amurka ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin sa'a a 1974, dokar da aka soke a 1995.

Haka kuma birki. Man da aka ƙona don samun gudu, da an taka birki ya tafi a zafi. Direba mai lura yakan hango tsayawa tun daga nesa, ya ɗage ƙafa daga totur, ya bar mota ta gangara. In zai tashi kuma ba ya fizga.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.