In An Hana Ka Biza Matarka Na Da Ciki

Jama'a, darasinmu na yau a kan wata damuwa ne da ke samun waɗansu gidaje a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Samarinmu da yawa sun tafi nema ko karatu a ƙasashen waje. Waɗansu suna Jidda, waɗansu Madina, waɗansu har Ingila. Sun bar matansu a gida. In matar ta sami ciki, miji yakan so a kai masa ita, ta haihu a kusa da shi. Wani lokaci kuma matar ce ke can wurin karatu, mijin na nan gida, yana so ya je ya duba ta. Sai a nemi izinin tafiya, a ce an hana. To, me za a yi?

MENE NE BIZA?

Da farko mu bambanta fasfo da biza. Fasfo takarda ce da ƙasarmu ke ba ɗanta don a san shi a waje. Hukumar shige da fice ke bayar da shi, tana da ofis a Katsina, kuma sai mutum yana da lambar NIN. Biza kuwa izini ne na ƙasar da za ka. Fasfo kamar ka ce, "Ni ɗan gidan wane ne." Biza kamar maigida ya amsa sallamarka ya ce, "Shigo." In bai amsa ba, ba ka da ikon kutsa kai.

Ba ko'ina ake bukatar biza ba. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yi yarjejeniya cewa mutanensu na iya ziyartar juna har kwana 90 ba biza. Saboda haka mai zuwa Kwatano ko Lome ko Kumasi ba ya nemanta. Amma Saudiyya da Ingila da Amurka sai da ita.

Biza iri-iri ce. Akwai ta Hajji, da ta Umra, da ta aiki, da ta karatu, da ta ziyara. Ta ziyara ita ce mutum ya je ya ga ɗan'uwansa ya komo. Ba ta ba shi ikon zama ko yin aiki ba. A Saudiyya, mutumin da ke can da igama, wato takardar izinin zama, shi ne ke nema wa iyalinsa bizar ziyara. Saudiyya na da ofishin jakadanci a Abuja, da ƙarami a Kano.

DON ME AKE HANAWA?

Ma'aikacin biza bai san ka ba, bai san ubanka ba, bai san mutuncinka a gari ba. Takarda kawai yake gani. Tambaya uku ke zuciyarsa. In wannan mutum ya shigo, zai koma gida? Yana da kuɗin da zai riƙe kansa? Abin da ya rubuta gaskiya ne? In ya yi shakkar ɗaya, sai ya hana.

Bari mu yi misali. Manomi ne daga Daudawa, yana da gona da shanu da buhunan masara a rumbu. Mu mun san mai hali ne. Amma ba ya ajiya a banki. Da zai nemi biza, sai ya sayar da bijimai biyu, ya zuba kuɗin a banki rana guda. Ma'aikaci ya duba takardar banki, ya ga wata biyar ba kome, ga shi kwatsam kuɗi sun cika. Sai ya ɗauka aro ne aka yi don a ruɗe shi. Ya hana. Manomin bai yi ƙarya ba, amma bai nuna gaskiyarsa ba. Da ya haɗa da rasit na cinikin, ya rubuta bayani, da wataƙila an gane.

Wani dalili shi ne auren da ba shi da takarda. An ɗaura aure gaban liman da shaidu, an raba goro, aure ya ɗauru. Amma mutumin Landan bai halarta ba. Sai ya ga takardar shaidar aure. Haka kuma in sunan da ke fasfo ya saɓa da wanda ke takardar banki ko katin asibiti, ko da harafi ɗaya ne, yana iya jawo shakka.

Shi kansa cikin yana sa a ƙara bincike. Haihuwa a asibitin waje tana da tsada ƙwarai, kuma baƙo shi ke biya. A watan Janairu na 2020 Amurka ta yi doka cewa ba za a ba mace bizar ziyara ba in babban nufinta shi ne ta haihu a can don ɗan ya zama ɗan ƙasa. A Ingila kuwa, tun 1983 haihuwa kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin. A Saudiyya ma ɗan baƙo baƙo ne, ko a Makka aka yanke masa cibiya. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ita ma tana yi wa mata maniyyata gwaji, ba ta yarda mai ciki ta tafi Hajji ba, saboda zafi da cunkoso.

Wani lokaci kuma laifin ba naka ba ne. Ƙasashe kan sauya dokokinsu. A watan Yuli na 2025 Amurka ta rage wa'adin yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya. Don haka kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce. Ka tambayi dokar da ake ciki a ranar da za ka nema.

ABIN DA ZA A YI IN AN HANA

Na ɗaya, a kwantar da hankali. Hana biza ba hukuncin kotu ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Ana hana manyan mutane ma. Kada miji ya ga laifin mata, kada mata ta ga laifin miji.

Na biyu, a karanta takardar da suka bayar. Yawanci sukan rubuta dalili. A nan ne karatun da muke yi ke da rana. In da Turanci ko Larabci aka rubuta, a kai wa malamin aji ko wani amintacce ya fassara ta layi-layi, a rubuta kowane dalili daban. Kada a yaga ta don fushi. A adana ta, domin za a tambaye ka a gaba ko an taɓa hana ka.

Na uku, a sani ba kullum ake ɗaukaka ƙara ba. Ingila ta soke yawancin ɗaukaka ƙara kan bizar ziyarar dangi tun 2013. Hanyar da ta rage ita ce a sake nema. Kuɗin da aka biya kuwa ba a mayarwa.

Na huɗu, kada a sake nema sai an gyara. Wanda ya mai da takardun jiya, amsar jiya zai samu. In an ce ba shaidar aure, a je kotun shari'a ko ofishin ƙaramar hukuma a nemi takarda. In an ce ba a ga abin da zai komo da kai ba, a nuna takardar gona, da ta wurin aiki, da shaidar haihuwar 'ya'yan da za a bari a gida. In miji ne zai je duba matarsa, a sa takardar likita mai nuna watan haihuwa, a faɗi ranar tafiya da ranar komowa.

Na biyar, a faɗi gaskiya. In an tambaya ko akwai ciki, a ce akwai. Ciki ba ya ɓoyuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A dokar Ingila, wanda aka kama da takardar jabu ana iya hana shi shiga har shekara 10.

HATTARA DA DILLALAI

Da zarar an ji an hana ka, sai masu zaƙin baki su taso. Wani ya ce yana da hanya, ya san wani a ciki, kawo kaza ka ga aiki. Jama'a, ba wanda ke da ikon ba da biza sai ƙasar da ke da ita. Akwai kamfanonin tafiye-tafiye masu rajista, aikinsu cika takardu da sayar da tikiti. Amma duk wanda ya rantse maka cewa lalle za ta fito, ka riƙe aljihunka. Kada ka ba da kuɗi ba rasit. Kada ka sa hannu kan abin da ba ka karanta ba. In an cuce ka, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.

Ko biza ta fito ma, in ta karkatacciyar hanya ce, ba a tsira ba. A watan Nuwamba na 2023 wani jirgi ya tashi daga Legas da Kano da fasinja 264. Da ya sauka Jidda, aka mai da 177 gida. Hukumomin Saudiyya suka ce irin bizar da ke hannunsu ba ta dace da su ba. Ku duba wahalar da mai tsohon ciki za ta sha in tana cikin irin wannan jirgi.

Waɗansu kuma kan ce ta shiga da bizar Umra, in ta isa ta ɓuya, ta zauna takari. Wannan mugunyar shawara ce. Wadda ba ta da igama tana tsoron zuwa asibiti don kada a kama ta. In naƙuda ta zo da gardama, ina za ta? Ga jariri ba takarda. Ƙarshenta kamu da tara da kora.

A ƘIDAYA WATANNI

Ciki sati 40 ne. Biza na iya jira, ciki ba ya jira. Yawancin jiragen sama suna neman takardar likita in ciki ya kai sati 28, ba sa kuma ɗaukar mace bayan sati 36. In tagwaye ne, tun sati 32. Akwai kuma allurar shawara da ake nema wurin matafiya, wadda likitoci ba su cika yi wa mai ciki ba. To, in an hana mace biza tana wata shida, kafin a gyara takardu a sake nema, lokaci ya ƙure. Abin da ya fi shi ne a haƙura, ta haihu a gida, in an yi arba'in ta warware a yi wa jariri fasfo, a nema musu tare.

SHIRIN HAIHUWA A GIDA

Kuɗin da za a ƙara zubawa wurin biza, a juya su wurin lafiyar uwa. Dama al'adarmu ce mai cikin fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Ba ita kaɗai ba ce, tana da uwa da gwaggo da inna.

Ta riƙa zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. A can za a auna jininta, a ba ta maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a yi mata allurar tsinkau-tsinkau. Ta riƙa kwana cikin gidan sauro.

Miji ya wakilta mutum guda, wansa ko surukinsa, ya gaya masa a gaban shaidu: "In abu ya taso, ku kai ta asibiti, kada ku jira izinina." Mata da yawa sun galabaita ana jiran a sami miji a waya. A ajiye kuɗin mota daban. A yi magana da direba tun da wuri. A san wanda zai ba da jini in an bukata.

Mun san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, tafiyar dare ba ta da daɗi. In ƙauyenku na nesa, in wata tara ya kama, ta koma wurin dangi kusa da asibiti, ko Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi.

Ga alamun da ba a kwana da su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari, irin wanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Rigakafi ya fi magani.

Miji kuma, nisa bai sauke maka nauyi ba. Ka riƙa kiranta, ka tambayi abin da aka ce a wurin awo. Ka aiko da kuɗin abinci da na itacen wanka da na ragon suna. Wakilinka zai yi wa jariri huɗuba, ran bakwai a raɗa suna, kana ji ta waya. In kana da halin ɗaukar hutu, ka tuna kai ba ka bukatar biza ka zo ƙasarka. Sau da yawa zuwan miji gida ya fi sauƙi, ya fi araha.

Jama'a, abin da ake nema shi ne uwa lafiya, ɗa lafiya. Tafiya tana nan, in da rai za a yi. Allah ya raba su lafiya, amin.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin fasfo da biza?
2. Faɗi tambaya uku da ke zuciyar ma'aikacin biza.
3. Don me aka hana manomin nan, alhali yana da hali?
4. Bayan sati nawa jirgi ba ya ɗaukar mai ciki?
5. Rubuta alamu huɗu da za a garzaya da mai ciki asibiti.