Jamaniyam: Mai Daraja a Na'ura, Mai Haɗari ga Ƙoda

A 1886 ne Clemens Winkler, masanin sinadarai a garin Freiberg na Jamus, ya gano wani sabon sinadari a cikin dutsen ma'adini mai azurfa, ya raɗa masa sunan ƙasarsa. Shi ne jamaniyam, mai lamba 32 a jadawalin sinadarai. In ka ɗora gutsurensa a tafin hannu za ka gan shi toka-toka yana sheƙi, amma guduma ɗaya ta isa ta farfasa shi kamar gilashi. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 938, kuma in ya daskare kumbura yake yi, kamar ruwa in ya zama ƙanƙara. Da shi aka ƙera tiransista ta farko a Amurka a 1947. Yau yana cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet, da madubin kyamarar gani cikin dare, domin hasken zafin jiki na ratsa shi.

Darajarsa a na'ura ba ta mai da shi magani ba. Babu wani aiki da aka tabbatar yana yi a jikin ɗan Adam, kuma ba a san wata cuta da rashinsa ke jawowa ba. Duk da haka, bayan Kazuhiko Asai na Japan ya haɗa samfurin da ake kira Ge-132, 'yan kasuwa suka shiga tallan ƙwayoyin jamaniyam da sunan maganin gajiya da kansa. Wani nazari na 1997 ya tattaro labarin aƙalla mutum 31 da ƙodarsu ta lalace bayan sun daɗe suna sha, wasunsu har suka rasu. Rama, kasala da ƙarancin jini ne alamun da aka gani a jikinsu, kuma ko bayan sun daina, ƙodar ba ta koma daidai ba.

Masu tallansa kan ce ai akwai shi a tafarnuwa da sauran abinci. Gaskiya ne, sai dai abin da mutum ke samu daga abinci a yini kamar miligiram ɗaya ne, su kuwa marasa lafiyan nan jimillar abin da kowannensu ya sha ta kama daga giram 15 zuwa sama da 300. Sukan kuma ce samfurin Asai bai kai jamaniyam dayoksaid guba ba. Ko an yarda da haka, an sha samun ƙwayoyin kasuwa gauraye da dayoksaid ɗin, mai saye kuwa ba shi da hanyar bambance su, domin duk farin gari ne. Batun kansa ma likitoci sun gwada wani haɗin, spirojamaniyam, a kan marasa lafiya, suka ajiye shi saboda ƙarancin amfani da illarsa ga jijiyoyi.

Don haka duk wanda aka tallata wa kwalbar jamaniyam, a kanti ko a waya, ya riƙe kuɗinsa ya nemi likita. Rigakafi ya fi magani, balle wankin ƙoda da ke cinye dukiyar gida.