Yadda Carlsen Ya Toshe wa Karjakin Hanya a Darar Turawa

Ran 30 ga Nuwamba, 2016, aka yanke gasar duniya ta darar Turawa, watau ces, a birnin Niyu Yok na Amurka. Magnus Carlsen na Norwe, wanda ke riƙe da kambi a lokacin, ya yi wasa 12 da Sergey Karjakin na Rasha, aka tashi kunnen doki, maki 6 da 6. Don haka aka sa su wasan gaggawa huɗu, kowa da minti 25, ana ƙara masa daƙiƙa 10 a kan kowane taku.

Biyun farko ba wanda ya ci, Carlsen ya ci na uku. Ashe ke nan a na huɗu Karjakin ba shi da mafita sai nasara, ga shi kuwa baƙaƙen 'ya'ya ke hannunsa, watau shi ke bi baya. Mutumin da ake yi wa laƙabi da Ministan Tsaro saboda iya kare gida, yau dole ta sa shi kai hari.

Saboda haka ya bar buɗewar da ya saba, ya ɗauki wadda ake kira Tsaron Sisili, domin ita ce mai yamutsa fage. Amma a taku na 5 Carlsen ya tura soja zuwa gidan f3, a na 7 kuma ya kai wani c4. Da haka ya danne tsakiyar allo, ya hana abokin karawarsa inda zai kutsa. Shi kunnen doki ma ya ishe shi, bai ga dalilin gaggawa ba.

Da lokaci ya ƙure, Karjakin ya saki gida ya auka wa sarkin Carlsen, har ya kusa rutsa shi. Nan ne fa, a taku na 50, Carlsen ya miƙa sarauniyarsa a gidan h6. In sarki ya cinye ta, hasumiya ta gama da shi a h8. In soja ya cinye, ɗaya hasumiyar ta gama da shi a f7. Karjakin ya sallama, aka tashi 3 da 1, ranar da Carlsen ya cika shekara 26.

Abin lura ga masu koyo shi ne, a wasan gaggawa bukatar mutum ke zaɓa masa buɗewa. Wanda tilas ta fitar daga abin da ya saba, agogo ma abokin gābansa ne.